Juwairiyya, Ƙanwar Mai Shayin Kalgo

A wata ƙaramar cibiyar lafiya da ke Kalgo akwai wata mata siririya mai tabarau da ke zama bayan tagar karɓar kati. Ba ta ɗaga murya ta kira sunan kowa. In layi ya zo kanka sai ta yafito ka da hannu, ta yi magana ƙasa-ƙasa har sai ka matso kusa. Sunanta Juwairiyya, 'yar Gwandu ce, aiki da aure suka zaunar da ita Kalgo. Malama mai kati ake ce mata. Ba kowa ya san ta yi digiri na biyu ba, waɗanda suka sani ma ba su san abin da ya kai ta ba.

Su biyu ne suka rayu cikin 'ya'yan Inna Azumi, ita da yayanta Basharu. Mahaifinsu manomin albasa ne, ya rasu tana firamare. Tun daga lokacin Basharu ya ajiye boko ya kama neman abin da za a ci. Shi ke goya ta a keke ya kai ta makaranta, shi ke sa hannu a madadin uba in an kira iyaye. Ya yi ɗaukar buhunan albasa, ya yi dako a kasuwa, daga baya ya koyi sana'ar shayi. Da aka buɗe jami'a a Kalgo gari ya fara cika da baƙi, sai ya kwashe tebur da butocinsa ya koma can, ya kafa kusa da tasha.

Teburin ya karɓu. Basharu mutum ne mai fara'a da tsokana, kowa yana da sunan da ya laƙaba masa. Direbobi, ɗalibai, masunta da suka fito daga gulbi da sassafe, duk a bencinsa suke haɗuwa ana sauraron rediyo ana gardamar ƙwallo. Da wannan tebur ya yi aure ya auro Fatsuma, da shi kuma ya ɗauki nauyin Juwairiyya har ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, sashen adana bayanan marasa lafiya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan hau babur ya nufi Gwandu da burodi da sukari, ya zauna a ƙofar ɗakin Inna yana ba ta labarin mutanen tasha har sai ta yi dariya ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Juwairiyya tana shekarar ƙarshe a makaranta abin ya faru. Matar wani maƙwabcin Basharu ta haihu a wani asibiti mai zaman kansa, jini ya ɓalle mata, aka fito neman masu bayarwa. Basharu ya bar ruwa a kan wuta ya tafi. Aka ɗebi jininsa aka gwada, aka ce ya jira a waje. Ashe gwajin ya nuna yana ɗauke da cutar hanta, irin wadda mutum kan yi shekaru da ita bai sani ba. Ana cikin haka wan mai jegon, wanda ke kan hanya daga Birnin Kebbi, ya yi ta kiran ma'aikacin ɗakin gwajin yana faɗa, wai ga mutum ya zo da kansa an ƙi ɗibar jininsa. Don ya kare kansa, ma'aikacin ya ɗauki hoton sakamakon da waya ya tura masa. Da sunan Basharu a jiki.

Mutumin ya tura wa danginsa don su nemo wani. Daga zauren hira na dangi hoton ya faɗa na unguwa, daga nan ya bi gari. Kafin a kwana biyu cutar hanta ta koma ƙanjamau a bakin mutane. Shi kuwa mai jinin, ce masa kawai aka yi jininsa bai dace ba, ya koma bakin sana'arsa. Shi ne na ƙarshe da ya ji.

Wata 'yar ajinsu ce ta nuna wa Juwairiyya hoton, ta ce, "Wannan ba yayanki ba ne?"

Washegari ta shiga mota zuwa Kalgo. Ta iske shi ya wanke kofuna ya jera, ruwa na tafasa, benci ba kowa. Wani tsohon direba ne kaɗai ya zo, shi ma da kofinsa a aljihu. Basharu ya zuba masa, ya yi masa tsokanar da ya saba, amma muryar ba ta fita daidai ba.

Juwairiyya ta yi iya yinta. Ta kai shi babban asibiti aka sake gwaji, likita ya zaunar da shi ya yi masa bayani, ya ce ba a ɗaukar cutar ta kofi ko ta gaisawa, kuma in ana bibiya ana shan magani mutum zai yi rayuwarsa. Ta bi gidajen maƙwabta tana maimaita wannan bayani. Ana ce mata, "Allah Ya ba shi lahiya," amma ba wanda ya dawo benci. Ta je asibitin da abin ya faru. Mai asibitin ya ba da haƙuri. Ma'aikacin ya ce, "Wallahi ni ban yi da wata manuha ba, rai nike son cetowa." Ta tsaya tana kallonsa. Ta san an yi ɓarna, ta san ba ƙarya yake yi ba, amma ta rasa kalmar da za ta kira laifin da ita, ta rasa wanda za ta kai wa ƙara, ta rasa abin da za ta ce a gyara. Ta fito kawai. Wannan rashin abin faɗa ya daɗe yana cin ta.

Da damina ta wuce Basharu ya sayar da teburin. Ya je Gwandu ya durƙusa gaban Inna ya ce zai tafi Shagamu, can kudu, da Fatsuma da 'yarsu Fatima, wadda ko yaye ba a yi mata ba.

Inna ta ce, "Don maganar mutane za ka bar ni? Baki ai ba ya kashe mutum."

Ya ce, "Inna, ba ya kashewa, amma shina hana cin abinci. Ki yi mani addu'a. In ƙura ta lafa ina dawowa."

Ya tafi, ƙurar kuwa ta lafa tun da daɗewa, shi ne bai dawo ba. Yana kiran waya, yana aike. In Sallah ta matso sai ya ce baɗi.

Juwairiyya ta gama makaranta, aka ɗauke ta aiki aka tura ta Kalgo, garin da ba ta so. Kullum sai ta wuce ta gaban tasha, inda wani mai cajin waya ya kafa rumfa a gurbin teburin yayanta. A nan Kalgo ta haɗu da Abdulrazak, mutumin Dangoma, malamin sakandare, mai haƙuri da ƙarancin magana. Suka yi aure, suka haifi yara biyu. Tana aiki tana karatun ƙarshen mako har ta samu digiri na farko.

A shekarun nan ne aka fara kawo kwamfutoci cibiyoyin lafiya. Aka kawo musu guda biyu, aka rubuta kalmar sirri a takarda aka manna a bango don kada a manta. Kowa da ita yake shiga, har mai gadi in yana son kallo. Ma'aikatan jinya kan ɗauki hoton sakamakon gwaji da wayoyinsu su tura wa likita in ba ya kusa, hoton ya zauna a waya, yara su ɗauka su yi wasa a gida. Duk lokacin da Juwairiyya ta ga an ɗaga waya a kan takardar wani sai ta tuna hoton yayanta. In ta yi magana a ce, "To ya za a yi? Ki kawo wata hanyar." Ita kuma ba ta da wata hanyar.

A wani taron bita a Birnin Kebbi ta ji cewa wata jami'a a kudu maso yamma tana koyar da digiri na biyu kan kare sirri da tsaron bayanan lafiya. Ta tambayi sunan garin sau biyu. Tafiyar da ke tsakaninsa da Shagamu ba ta kai rabin yini ba. Ta dawo gida ta gaya wa Abdulrazak, ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Karatun kike so ko Yaya Basharu?"

Ta ce, "Duka biyun."

Ba ta tafi a shekarar ba, tana da ciki. Shekarar da ta biyo Inna ta yi jinyar ƙafa. Ta ci gaba da duba shafin jami'ar a waya tana karanta sunayen darussan kamar mai karanta wasiƙar masoyi, har ta haddace su. Sai a karo na uku abin ya yiwu. Abdulrazak ya kai yaran Dangoma wurin mahaifiyarsa, ya raka ta tasha, ya ce ta je ta yi abin da ya kai ta.

Watannin farko sun yi mata nauyi. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, tufafi ba sa bushewa, miya duk manja da barkono. Yawancin 'yan ajinsu likitoci ne da masana kwamfuta daga manyan birane, Turanci a bakinsu kamar ruwa. In ta kira Dangoma, ƙaramin ɗanta sai ya ƙi karɓar waya, yana fushi. Takan kashe wayar ta zauna bakin gado ta daɗe ba ta buɗe littafi ba. Kewar gida ta sa har warin albasa da ake shanyawa a rumfuna, wanda da take toshe hanci saboda shi, ya zama abin marmari.

Amma karatun ya ba ta abin da ta zo nema. Ta koyi cewa sakamakon gwaji mallakin mai jinin ne, shi za a fara gaya wa, kuma ba a ba wani sai da yardarsa. Ta koyi cewa kowane ma'aikaci da tasa kalmar sirrin, kuma ba ya ganin komai sai abin da aikinsa ke buƙata. Ta koyi yadda ake kulle bayani ta yadda ko an sace kwamfutar ɓarawo ba zai iya karantawa ba, da yadda na'ura ke ajiye sawun duk wanda ya buɗe bayanin wani. Ta karanta dokokin ƙasa da suka shafi haka, ta gane cewa abin da aka yi wa yayanta yana da suna, kuma akwai matakan da ake ɗauka in bayani ya fita, tun kafin ya yi nisa.

Wata rana malamarsu, wata farfesa Bayarabiya mai furfura, tana bayanin cewa goge suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Ta ce a babban birni in ka rubuta namiji ɗan shekara talatin mai sayar da abinci, ba wanda zai gane shi. A ƙaramin gari kuwa, sana'a da unguwa sun isa a nuna shi da yatsa, don haka mutanen ƙananan garuruwa sun fi kowa buƙatar kariya, kuma su ne aka fi mantawa da su. Juwairiyya ta ajiye alƙalami. Ba ta san hawaye na zuba ba sai da ta kusa da ita ta miƙo mata hankici. Bayan darasi farfesar ta kira ta ofis, ba ta tambaye ta dalili ba, ta ce kawai in lokacin bincike ya yi ta koma garinsu ta yi shi a can.

Sai da ta yi wata biyu a kudu kafin ta iya zuwa Shagamu. Ta same shi a Sabo, unguwar Hausawa, a bayan tebur irin na da. Ya yi ƙiba kaɗan, gemu ya fara fari. A nan Sakkwato ake ce masa, ba wanda ya damu cewa shi ɗan Gwandu ne. Da ya gan ta ya tsaya da buta a hannu.

Ya ce, "Jummala, ke ce haka? Har da tabarau?" Sunan da yake tsokanarta da shi ke nan tun tana yarinya.

Ta ce, "Ni ce, Yaya."

Fatsuma ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Fatima, wadda aka tafi da ita a goye, ta zama budurwa 'yar sakandare, Hausarta da karin Yarbanci. Basharu ya ce lafiyarsa lau, yana zuwa asibiti a kan lokaci, an yi wa Fatsuma da yaran rigakafi. Bai tsaya kan wannan ba, tambayoyi ya jero mata. Tsamiyar ƙofar gidansu tana nan? Wa ke noma gonar Baba? Inna har yanzu tana faɗa da awakin maƙwabta? Gulbi ya kawo ruwa bana? Tana ba shi amsa yana gyaɗa kai, idonsa na kan bango.

Can ya ce, "Har yanzu ana maganar?"

Ta ce, "Wallahi an manta, Yaya. Rabin mutanen tasha ma baƙi ne."

Ya ce, "Su sun manta. Ni in na rufe ido bencin nan nike gani. Mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya ya hango ni ya canza hanya. Ban riƙe kowa ba, Allah Ya sani. Ƙafar ce ba ta tahiya."

Ya tambaye ta wane irin karatu ne wannan da ya raba ta da 'ya'yanta. Ta yi masa bayani a hankali. Ya ce, "Ashe abin har makaranta gare shi." Da za ta tafi ya cika mata leda da ganyen shayi da madara, ya ce masu karatu ba sa barci.

Daga nan kusan duk ƙarshen wata tana Shagamu. A ɗakin Fatsuma ta rubuta rabin ayyukanta na makaranta.

Da lokacin bincike ya yi ta dawo gida wata uku. Ta bi Kalgo da Gwandu da Dodoru tana tambayar mutane, da yardarsu, abin da ke hana su zuwa asibitin garinsu. Ta ji abin da ya fi zatonta. Mata masu hawa mota su tafi wani gari awon ciki don mai ba da kati 'yar unguwarsu ce. Wani magidanci da ya shekara yana tari yana sayen magani a kemis don kada a gan shi a layin masu tarin fuka. Ta rubuta duka ba suna, ba sana'a, ba unguwa. Labarin yayanta kuwa ba ta sa shi ba, ba ta ma nemi izininsa ba, don ta san ko ta goge komai mutanen Kalgo za su gane.

Ranar da ta kare kundinta a gaban malamai ta wuce Shagamu yin sallama. Ta tarar Basharu ya ɗaure jaka. Ya ce zai raka ta, ya ga Inna. Ta shiga bayan gida ta kira Abdulrazak ta gaya masa.

Suka hau doguwar mota su uku da Fatima. Suka wuce Ilori, suka ƙetare kogin Kwara a Jebba, suka bi Kontagora. Daga Yawuri ya fara nuna wa 'yarsa abubuwa ta taga, ga gonakin shinkafa, ga raƙuma, ga giginya. Bayan Koko sai ya daina nuna komai. Da motar ta tsaya a Jega da hantsi, ya sauko da jakarsa ya tsaya gefen titi yana kallon hanyar Kalgo.

Ya ce, "Juwairiyya, nan zan tsaya."

Ta ce, "Yaya, an zo ai. Ba sai mun bi ta Kalgo ba, mu yanke ta Aliero mu shiga Gwandu."

Ya girgiza kai. "Gwandu ma an ga hoton. Ki yi haƙuri. Na ɗauka zan iya."

Ba ta matsa masa ba. Akwai wani ƙanen mahaifinsu, Baffa Umaru, da ke sayar da hatsi a Jega, can ta kai su. Abdulrazak ya nemo mota ya je Gwandu ya ɗauko Inna. Da la'asar aka shigo da ita tana dogara sanda. Basharu ya taso ya zube gabanta ya kifa kai a gwiwarta. Inna ta shafa kansa, ta shafa gemun, ta ce, "Kai ma ka tsuhwa." Sai kuma ta ce, "Ka ci abinci?" Fatima na tsaye jikin ƙofa, Inna ta miƙa mata hannu ba ta ko tambayi wace ce ba.

Sun yi 'yan kwanaki a gidan Baffa Umaru. Inna ba ta ce masa ya dawo ba, ko sau ɗaya. Hira suka yi ta yi a tsakar gida, ta waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa. Da zai koma ya bar Fatima ta ƙarasa hutunta a Gwandu.

Juwairiyya ta koma bakin aikinta. An yi mata tayin wani aiki a Abuja, ta ce yaranta sun gaji da rashinta. A cibiyarsu yanzu kowa da kalmar sirrinsa, an daina ɗaukar hoton sakamako da wayar hannu, kuma akwai ɗan ɗaki da ake shiga da mutum a gaya masa abin da gwaji ya nuna. Ba a samu haka cikin sauƙi ba, wasu abokan aikin har yau suna ganin ta cika tsanani. Lokaci-lokaci ana kiranta ta koyar da ma'aikatan wasu cibiyoyi a Gwandu da ƙauyukan kewaye. In wutar lantarki ta ɗauke aka koma takarda, aikin kan dawo baya, sai ta sake farawa.

Basharu yana Shagamu har yanzu. Kwanakin baya ya kira Abdulrazak, suka gaisa, suka yi maganar damina, sannan ya ce in ya shiga Jega ya duba masa ko akwai wurin da mutum zai iya kafa tebur kusa da kasuwa. Abdulrazak ya ce ai Kalgo ta fi ciniki yanzu. Ya ce a'a, Jega dai tukuna.

Da Juwairiyya ta kai wa Inna wannan labari, tsohuwar tana tsince wake a faifai. Daga baya ta tambaya ko motar Jega kullum ake samu daga Gwandu, ko sai ranar kasuwa.